Wata Uku a Bencin Baya

Ranar ban-ruwana ce, har gobe haka zan ce. Muna noman tumatir na rani a bakin kogin Watari, ni da wani dattijon majami'armu, gonarsa na sama da tawa. Na zo da hantsi na tarar ya toshe hanyar ruwa da laka, ya karkatar da shi fangalinsa. Na faɗa, ya faɗa. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗan mashayi, ubanka ma a gindin tulun giya ya mutu." Ba wanda ya ji sai ni. Na juya fartanya na sauke masa ƙota a kafaɗa. Wannan kam kowa ya gani.

Dattawan ikilisiya suka zauna. Fasto ya ce, "Ɗan'uwa, me ya kai ka?" Ban faɗi dalili ba, don ba zan maimaita zagin ubana da bakina a gaban mutane ba. Shi ma tsohon bai faɗa ba, yana zaune da hannu a ɗaure. Aka yanke mini horo, wata uku a bencin baya. A wurinmu ba a korar mai laifi. Benci ne guda a bakin ƙofa inda ake jingine tsintsiya, duk mai shigowa sai ya bi ta gabanka, kuma ba ka cin Jibin Ubangiji, burodi da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, sai ka gama.

Na ce ba zan zauna ba. Shekara bakwai ban taka majami'a ba.

Ran Lahadi matata ta ja yara su tafi sujada, ni in saɓa fartanya in bi ta ƙofar majami'a da gangan. Maƙwabcina Alhaji mai sayar da taki ya kan tsokane ni: "Malam, kai ba masallaci, ba coci. Ran da ka mutu wa zai ɗauke ka?" In ce, "Ku da kuka fi kusa." Ya yi dariya, ni ma in yi, amma maganar na cina.

Wata kaka ina ɗaurin dawa sai ga tsohon ya ratso gona da sanda. Ban ce masa sannu ba.

"Ɗana, na faɗa musu."

"Ka faɗa musu me?"

"Abin da na ce maka a kan mahaifinka. Na tashi gaban ikilisiya na faɗa. Duk ran da aka miƙo mini ƙoƙon Jibi sai ya tsaya mini a wuya."

"Bayan shekara bakwai? Sannu da ƙoƙari, Baba."

"Sun ba ni wata uku. Naka ma yana nan, horo ba ya ruɓewa. Benci ɗaya ya ishe mu."

Na ce ya fita mini daga gona.

Lahadi ta uku na je, kuma ba tuba ce ta kai ni ba. So nake in ga wulaƙancinsa. Na same shi da furfurarsa kusa da tsintsiya, matan da ya girmi iyayensu suna wucewa suna kau da kai. Daɗin da na zo nema ban same shi ba. Ya matsa ya ba ni wuri, na zauna don kada in tsaya kamar gunki. Da aka tashi ya roƙi fasto a sake masa ƙirga daga ranar, don mu gama tare.

Ba shi da murya, amma ya fi kowa ɗaga ta. Na ce, "Baba, rage, kana kashe waƙar." Ya ce, "Kai da ka mance ta fa?" Kowane mako ina kallon hannunsa na hagu. Ba ya ɗaguwa, sai ya ɗora littafin waƙa a gwiwa ya sunkuya. Aikina ne wannan, kuma da ina gona ba zan taɓa ganinsa ba.

A mako na takwas, a gindin darbejiya, na ce, "Baba, ka yafe mini hannun nan."

"Tuni. Kai fa? Maganar mahaifinka?"

Na kasa yafe masa. Ubana ya sha giya, gaskiya ne, amma shi ya goya ni har asibitin gari da ƙafa lokacin da maciji ya sare ni. Sai da na ƙara mako biyu ina faɗa da Allah a gona. Na ce wa Allah ban iya ba, in yana so ya iya mini. Ran da na furta wa tsohon na yafe, ba wani haske da na gani, kawai dai abinci ya yi mini daɗi.

Ranar maidowa fasto ya kira mu gaba, jama'a suka miƙe, matata ta rangaɗa guɗa tana kuka. Aka miƙo gutsuren burodi da ɗan ƙoƙon zoɓo. Na karɓa, na ce wa Yesu, ga ni, da zafin raina da komai, in za ka yi aiki da ni haka, bismillah.

Zafin ran bai tafi duka ba, matata shaida ce. Amma tun ranar ban fasa sujada ba, ban kuma sake ɗaga wa ɗan Adam hannu ba. Ina godiya ga Allah da bai bar ni na tsufa a waje ba, ya aiko mini da mutumin da na fi ƙi ya shigo da ni.