Sai Likita Ya Faɗa

Ranar da Auta ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a jami'a, babanta, wanda tela ne, ko ƙafa bai ɗaga daga kan keken ɗinki ba. Cewa ya yi, "Wato dai likitancin ne bai samu ba." Ta rantse masa ita ta zaɓa da kanta. Ya ce to, Allah ya sa albarka, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Shekara biyar ta yi tana shan wuya. Ta haddace sunayen sinadarai masu tsawo kamar igiyar shanya. Ta san abin da ƙwayar magani ke yi tun daga harshe har ta isa hanta da ƙoda, ta san waɗanda in an haɗa su sai kwanan asibiti. Asid ya huda mata farar riga a ɗakin gwaje-gwaje, jarrabawar awon maganin jarirai ta kayar da ita sai da ta maimaita. Duk da haka in ta zo hutu, Gwaggo, ƙanwar Baba, sai ta taɓe baki ta ce, "Ni fa ban gane ba. Mai kantin maganin bakin titi bai je ko'ina ba, ga shi yana sallamar mutane ras. Ke me ake koya miki haka, ƙulla leda?"

Da ta gama aka ce da sauran aiki: shekara guda ta sanin makama a asibiti, sannan jarrabawar lasisi. Shugabar sashen ba ta da wasa. Ko maganin ciwon kai Auta za ta miƙa ta taga, sai ta tambayi majinyaci me yake sha a gida, in ta manta kuwa ranar ta shiga uku. Tambayar ta zauna mata a baki har a gida ma yi take.

A shekarar ne zuciyar Baba ta fara ba shi matsala, aka ɗora shi kan maganin tsinka jini. Ba a jima ba Auta ta lura da wasu baƙaƙen tabbai a damtsensa, ga jini a buroshin haƙorinsa. Ta je shago ta zazzage gwangwanin maɓallai, sai ga jajayen ƙwayoyi na ciwon gaɓoɓi. Mai gyaran agogo, maƙwabcin shagonsa, shi ke sam masa saboda ciwon gwiwa, kamar yadda suke aron almakashi.

"Baba, wannan da maganin asibitinka ba sa haɗuwa. Jini zai iya ɓalle maka a ciki ba ka sani ba."

"Likita ne ya faɗa?"

"Ni na faɗa."

"To, in likita ya faɗa sai ki zo mu yi magana. Mai agogo ya daɗe yana sha, ga shi nan garau."

"Shi ai ba ya shan maganin tsinka jini!"

"Kar ki ɗaga mini murya. Rigar makarantarki ta farko ma ni na ɗinka."

Ta kwashe ƙwayoyin, washegari mai agogo ya kawo wasu. Ta je ta roƙi mai agogo, ya ce shi ba zai ga abokinsa yana ɗingishi ya zuba ido ba. Takaici ya ishe ta, ga tsoro. A asibiti baƙin da ba su san ta ba suna jin maganarta su yi godiya, amma mutumin da ta fi tsoron rasawa ya mayar da ita rediyo.

Ranar da Baba zai ga likita, ta tare likitan a baranda, wani matashi da suke gaisawa. Ta zayyana masa komai. Ya dafe kai ya ce, "Wallahi bai taɓa gaya mini yana sha ba." Ta ce, "Ka faɗa masa kamar kai ka gano. Kada ka kuskura ka ambace ni, in ba haka ba magana ta lalace."

Haka aka yi. Likita ya duba tabban nan, ya maimaita abin da Auta ta faɗa a shago, ko gishiri bai ƙara ba. Baba ya zaro ido, ya yi salati, ya laluba aljihun dama ya zube jajayen ƙwayoyi a kan tebur. Sannan ya juyo wajen 'yarsa da ke tsaye cikin farar riga.

"Kin ji yadda masu ilimi ke bayani? Ki riƙa buɗe kunne ki ƙaru." Ya koma kan likita. "Don Allah ɗana, in ka samu sarari ka riƙa ɗan koya mata. Tana da ƙoƙari."

Likita ya sunkuyar da kai yana gyaran biro. Auta ta ji kamar ta kurma ihu asibitin duka ya ji, amma ta haɗiye, don ga ƙwayoyin nan a kan tebur.

Ta ce, "Zai koya mini, Baba. Kawo na aljihun hagu ma."

Baba bai motsa ba. Sai da ya dubi likita, likita ya gyaɗa kai, sannan ya sa hannu ya fito da su.