Kawu Ingila da Gonar Ciyawa

Duk wanda ya san Kawu Sale na Balan ya san usur ɗin nan da ba ya barin wuyansa, har masallaci. Ƙanin mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya yi wa wani Baturen Ingila aikin kula da filin wasa a Kano, ya dawo mana da ciwon ƙwallo wanda ba shi da magani. Shi ya sa muke ce masa Kawu Ingila.

Gonarsa ta bakin hanya, wadda ta fi kowacce albarka, ita ya mayar filin ƙwallo. Jama'a na nome ciyawa, shi yana zuba mata taki! Wata damina matarsa, Inna Hajo, ta faki idonsa ta shuka wake a gefe. Ya tuge shi tas.

"Malam, ciyawa za mu ci?"

"Hajo, Bature sai ya kwana da yunwa ya shayar da ciyawa."

"Ai shi ya sa ya rame ya koma garinsu."

Ranar da 'yan Toranke suka zura mana shida, muna cizon yatsa, sai ga Kawu yana ta tafi. Na ce, "Haba Kawu! Mu fa aka ci!"

Ya ce, "Habu, mutumin Ingila in an ci shi, hannu yake bayarwa, ya je ya sha shayi."

Wallahi sai da ya jera mu muka gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dafa musu shayi da sukarin Inna. Tun daga ranar 'yan Toranke ba sa fashin zuwa. Ga ci, ga sha!

Da samari suka guje wa filin suka koma gidan kallo a Gaya, na goya shi a babur don ya ga Ingilarsa. Ya ga ɗan wasa yana birgima ba wanda ya taɓa shi, 'yan kallo na zagin iyayen juna. Ya miƙe ya kaɗe riga.

"An canza su. Mai da ni gida."

Yana kwance ciwon ajali ya kama hannuna. "Habu, kar garma ta shiga filin nan." Na ce in sha Allahu.

To, aka raba gado, hatsi ya yi tsada, 'ya'yansa kuma ga bakunan ciyarwa a gida. Ni ke da shanun huɗa, ni suka roƙa. Ni na riƙe garmar da hannun da ya kama. Geron kuwa ya yi kyan da ba a taɓa gani ba a Balan, saboda takin Kawu, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Har yau zagaye nake yi don kar in bi ta hanyar.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe mini, ya sa kabarinka ya fi filin nan ni'ima. An ci mu, kuma na kasa tafi.