Malam Ilu Mai-jirgi Ya Sauke Zanensa

Ranar Talata da hantsi ina cikin aji, ina mamakin abin da ya hana yaran tsallaken dam zuwa makaranta, sai maigadinmu ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, sai haƙuri. Baba Ilu ya cika da asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli na zauna.

Malam Ilu haifaffen wajen Garo ne, amma a tafkin Chadi ya yi ƙuruciyarsa yana su da fito. Da zaman can ya gagara ya dawo gida, ya sassaƙa kwale-kwale, ya kafa masa dogon icen turare a tsakiya. Buhunan taki ya tattara ya ɗinke da basilla, suka zama zane mai faɗi, ya ɗaure shi da igiyar rama da ya tuƙa da hannunsa. In iska ta cika zanen, sai jirgi ya kama tafiya shiru, shi kuwa yana baya riƙe da igiya, yana saki yana ja. Da wannan jirgi yake ƙetaro da yaran tsallake kullum safiya, ya mai da su bayan Azahar, ba wanda ya sa shi.

Bai taɓa ɗaukar yaro ba sai ya bi igiyoyinsa ya shafa kowane ƙulli. Yakan ce, "Igiyar da ba ka duba a gaɓa ba, ita za ta duba ka a tsakiyar ruwa." In yara sun ƙosa don iska ta kwanta, sai ya ɗauki filafili ya ce, "Iska ba a yi mata tsawa, 'ya'yana, lallaɓa ta ake yi." Na ga ranar da ya ƙi tashi saboda hadari, iyaye na ta faɗa, ya tsugunna yana gasa wa yaran masara har gari ya washe.

Amma a faɗi gaskiya ko da ɗaci: ba mu riƙe shi da daraja ba. Samarin tasha in sun hango zanen sai su ce, "Baba, wanki ka shanya?" Ya yi murmushi ya ce, "I, ɗana, wankin da ba ya shan fetur." Da ƙarfinsa ya fara raguwa, ya same ni ya ce, "Malam, ka samo mini matasa ko biyu ne in koya musu ɗaurin zane. Hannuna ya fara rawa." Na kai maganar taron iyaye da murnata. Wani Alhaji ya katse ni ya ce, "Malam, boko muka kawo su, ba ɗinkin buhu ba." Aka yi dariya, aka wuce zuwa wata magana. Da na ba shi labari, cewa ya yi kawai, "To, Allah ya sa ruwan ya ƙafe kafin in tafi."

Ruwan bai ƙafe ba. Ranar zaman makoki rana ta yi zafi, aka ciro zanen daga jirgi aka kafa shi rumfa a ƙofar gidansa. A inuwarsa masu dariyar suka zauna suna cewa an yi babban rashi. Ba wanda ya iya kwance ƙullinsa, da wuƙa aka yanke igiyoyin.

Jirgin inji ranar kasuwa kaɗai yake aiki, zagaye dam ɗin ta ƙasa kuwa ya fi ƙarfin ƙafar ɗan aji ɗaya. Har yau bencin yaran tsallake babu kowa. Wasunsu an riga an tura su kiwo.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya ƙetarar da shi Siraɗi cikin aminci. Allah ya ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu. Yaran da ya bari a gaɓa kuma, ya Allah, ka kawo musu wanda zai ɗauko su, don mu mun kasa. Amin.