Gidan Sama

Har yau idan na ji warin albasa sai raina ya ɓaci, kuma mijina ya san dalili.

Ina amarya ya ce zai tafi da ni Bawku sarin albasa. Ni kuwa tun ina budurwa a Salaga na cika kaina da ƙananan littattafan soyayya, inda masoya kan zauna wuri mai tsayi, duniya tana shimfiɗe a ƙarƙashinsu. Garinmu ba shi da tudun kirki. Abu ɗaya na roƙe shi: idan mun shiga ƙasar duwatsu, mu kwana a sama, ko sau ɗaya.

Ya ce, "In dai wannan ne, amarya, an gama. Gidan sama za mu sauka."

A Yendi muka kwana gidan abokin mahaifinsa, ni cikin mata, shi a zaure. Zuciyata tana kan gobe. Da muka kai Nakpanduri sai ƙasa ta yanke a gabanmu, gonaki can ƙasa kamar tabarmi. Na hango wani masauki mai baranda a bakin dutsen. Na jawo jakata. Mota ta wuce shi, ta kama gangara.

"Malam, ba nan ba ne?"

"Namu yana gaba."

Gidan saman nasa ashe bene ne a bayan tashar Bawku, gidan da danginsa suke sauka tun zamanin fataucin goro. Aka ba mu ɗaki a kan wurin ajiyar albasa. Tagar tana kallon bangon maƙwabci. Wari ya shiga zanena na aure, ya shiga gashina.

Na ce, "Wannan ne saman?"

"Ba matakala kika hau ba?" Har da dariyarsa.

"Ka san abin da na roƙa."

"Na sani. Amma falken da ya kwana wani wuri ya zagi mai masaukinsa. Gobe wa zai yi mini dillanci?"

Wannan "na sani" ita ce ta ƙona ni. Da kuskure ne da na yafe. Tun daga Salaga ya zaɓi kalmar da za ta rufe mini baki, ya bar ni ina ta yi wa ƙawayena burga.

A hanyar dawowa motar ta tsaya a Nakpanduri don inji ya huce bayan hawa. Na ɗauki jakata na sauka, na nufi masaukin nan. Direba ya danna ham.

Mijina ya biyo ni yana haki. "Amarya, albasa ba ta jira."

"To ka bi ta."

Ya tsaya tsakanina da motar, ya dubi can, ya dubi nan. Daga baya ya koma ya damƙa wa direba amanar buhunansa, ya dawo fuska a ɗaure.

Muka zauna a barandar da la'asar. Hadari yana tafiya a kan gonaki, wani gefen ruwa, wani gefen rana, ya fi duk abin da na taɓa karantawa. Na juyo in nuna masa. Ya juya kujerarsa yana fuskantar hanyar Yendi.

Ya ce, "Kina ganin direban nan zai rufe buhunan da tamfol?"

Ni kaɗai na kalli abina har rana ta faɗi.