Kawu da Tsohuwar Kwamfutarsa

Da Kawu ya yi ritaya daga ofishin ruwa, kowa ya ce bawan Allah zai huta. Ashe mu ne hutu ya ƙare wa. Ya ciro kwamfutar da ya saya tun yana saurayi, irin wadda ake jona wa talabijin, launinta ya koma na tsohon haƙori. Ya rantse sai ta yi magana da sabuwar kwamfutar 'yarsa.

Tsohuwar ba ta ma da kafar da za a soka wayar sadarwa. Mai gyaran rediyo ya dube ta ya ce, "Alhaji, ka bar ta ta mutu da mutuncinta." Kawu ya ce da hannunsa zai ƙera mata kafar.

Teburin cin abinci ya zama maƙera. Ya sayo ɗan allo mai huji-huji, da dalma, da wani baƙin abu mai ƙafafu kamar kyankyaso, wai shi ke daidaita ƙarfin wuta tsakanin injinan biyu. Ya ƙona yatsa, ya ƙona ledar tebur, gefen gemunsa ma bai tsira ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce ita ba ta taɓa ganin ritaya mai ƙauri haka ba.

Ranar gwaji, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da ya bi wayoyin, ya gano ya haɗa ta aikawa da ta aikawa.

"Kowace na magana, ba mai saurare," in ji shi.

"Ai sun zama 'yan gidanku ke nan," in ji Inna.

Ya sauya wayoyin. Sai ga tarkacen haruffa kamar kaza ta taka tawada, don sabuwar na zuba da gudu, tsohuwar na rarrafe. Ya rage gudun, ya tara mu duka. Haruffa suka fito ɗaya bayan ɗaya a talabijin: SANNU. Kawu ya share ƙwalla, mu kuma muka tafa, don ba a yi wa babba rowar tafi.

"Madalla, Malam," Inna ta ce. "To yanzu me za ka aika?"

Kawu ya hau laluben abin da zai aika. 'Yarsa ta zare wayar, ta saka kwamfutarta a jaka, ta ce, "Baba, na makara," ta tafi aiki.

Kawu bai damu ba. Ya ce injiniya ya gama nasa, amfani kuma matsalar jama'a ce.