Inda Layin Kiyashi Ya Kai Ni

A damunar da na riƙa wuni gidan iyayena na gane cewa ƙwarin da muke kira tururuwa a dunƙule ba iri ɗaya ba ne. Ina koyarwa a wata firamare a nan Kontagora, an yi mana hutu, Baba kuma ba ya jin daɗin jikinsa. Ba ciwon kwanciya ba ne. Rama yake yi, ga yawan shan ruwa, ga kasala. Mutumin da ya saba takawa zuwa kasuwa sai ya koma jiran ɗan kabu-kabu a ƙofar gida. Mun ɗauka tsufa ne.

Da yake yawancin wunin zama nake yi a tsakar gida, sai idona ya koma ƙasa. Tururuwa ta gaskiya baƙa ce, ba ruwanta da mutum. Buhun dawar da kawuna ya aiko mana daga Salka ta sa wa ido, kowacce ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta nufi raminta a gindin katanga. Cinnaka yana wajen randa, inda ƙasa ke da danshi, ba ka sanin yana nan sai ya gantsara maka cizo a ƙafa. Shazumamu, mai dogayen ƙafafu, yakan zo shi kaɗai ya leƙa kofin shayi. Sai kiyashi, ɗan mitsitsi, jaja-jaja, wanda ba ya tafiya sai a layi.

Ni da Inna muka shiga yaƙi da su. Muka ɗora buhun dawar a kan benci, muka zuba tafasasshen ruwa a ramin tururuwa, aka shafe bakinsa da siminti. Cinnaka kuwa toka Inna ta barbaɗa masa, muka gyara wurin da ruwa ke kwanciya, ya ragu sosai. Kiyashi ne ya ba mu wahala. Na sayo allin nan na kashe ƙwari a kasuwa na zana a bakin kabad, waɗanda suka taka suka mutu, washegari wasu suka ɓullo ta wata kafa. Abin da ya yi aiki shi ne sa gwangwanin sukari a tsakiyar faranti mai ruwa, da rufe kowane kwano, da goge wurin girki da ruwan sabulu.

Wajen gogewar ne na ga abin da ya ɗaure mini kai. Idan na shafa tsumma a tsakiyar layinsu, na baya sai su tsaya cak, su yi ta kai-komo kamar waɗanda aka ɗauke wa gada. Ashe ba da ido suke bin hanya ba, wani ƙamshi ne na gaba ke bari a ƙasa. Na yi ta maimaitawa har Inna ta ce, "Ke da ɗalibanki ban san wa ya fi wani wasa ba."

Kicin ya yi tsaf, amma layin bai ɓace ba. Wata safiya na lura ya daina shiga kicin ɗin ma, yana wuce ƙofar ne ya bi jikin bango. Na ce bari in ga abin da ya fi musu sukarin Inna. Na bi su a sunkuye, muka wuce turmi, muka zagaya bayan ɗakin Baba, har cikin ɗan makewayin da shi kaɗai ke shiga. A kan simintin, daidai inda ake tsugunawa a yi fitsari, sun taru sun yi jajir. Na leƙa namu na mata da yara, ko ɗaya babu. Na wanke wurin. Washegari suka dawo.

Na taɓa jin wata abokiyar aikina tana cewa haka suka gano ciwon mahaifiyarta. Amma ta yaya 'ya za ta tunkari ubanta da zancen makewayinsa? Sai na samu Inna tana tankaɗe.

"Inna, kiyashi na bin fitsarin Baba."

Ta ajiye rariyar. "Me ya kai ki can?"

"Su na bi. Ina jin sukari ne a jikinsa. Ya kamata a gwada jininsa."

Ta ɗauki rariyarta, ta ce, "Bar ni da shi."

Ban san yadda ta faɗa masa ba. Na dai ji shi daga ɗaki yana cewa, "Yanzu ƙwaro ne zai aike ni asibiti?" Amma da gari ya waye ya sa hularsa, muka tari keke-napep mu uku zuwa asibiti. Aka ɗiga jininsa a na'ura, likitar ta dube shi ta ce, "Baba, sukarinka ya hau sosai. Gara da kuka zo yanzu." Ta tambayi abin da ya sa muka yi zargi. Na sunkuyar da kai. Baba ne ya amsa da kansa, yana nuna ni da sanda: "Wannan ce, ita da kiyashinta."

Aka ɗora shi a kan magani, aka hana shi lemon kwalba, aka rage masa tuwo, aka ƙara ganye da wake. Kafin a yi girbi jikinsa ya fara dawowa, ya koma takawa zuwa masallacin Juma'a. Shayi babu sukari ne bai taɓa yafe mana ba. Kullum Inna ta miƙa masa kofin sai ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tambaye ta ko ruwan wanke tukunya ta dafa masa, sannan ya shanye tas.