Ranar Da Na Cinye Irin Waken Iya

Shekarun baya, lokacin ina saurayi ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Birni, nan Damagaram, babu abin da na ƙware a kai kamar karatun littattafan soyayya. Keken ɗinki a gabana, littafi a kan cinya, har wani lokacin mai kaya ya zo ya tarar na ɗinke masa bakin aljihu. A cikinsu na koyi cewa masoyi na gaskiya ba ya zuwa gidan su yarinya hannu rabbana, kuma kyautarsa dole ta zama wadda za a daɗe ana labari. Su jaruman littafi makullin mota suke miƙawa. Ni kuwa tsohuwar moto gare ni, wato babur, wadda sai an tura take tashi.

Budurwata 'yar wani ƙauye ce gaba da Gaffati. Ta kawo ɗinkin sallah ita da gwaggonta, ta ɗago ido sau ɗaya, ni kuma na auna tsawon zanen sau uku ban riƙe ko ɗaya ba. Mahaifinta manomi ne, gero da wake. A gidan akwai kakarta, kowa Iya yake ce mata, tsohuwa mai kaifin baki wadda tun ranar farko ta raɗa mini suna "angon birni".

Ana gab da damina na shiga kasuwa a unguwar Zango neman zare, sai na ga wani mutum ya baza ƙananan ledoji masu hoton wake fari tas, manya-manya kamar an zana. Ya ce daga ƙetaren iyaka ya kawo, na masu binciken kimiyya ne, tsutsar da ke huda kwanson wake a gona ba ta kusantarsa. A take na ga kaina tsaye a tsakiyar gona kore shar, iska na kaɗa rigata, surukina yana share hawaye yana cewa, "Ɗana, ka ceci gidan nan." Na saya ban tambayi komai ba.

Da na kai, mahaifinta ya juya ledar a hannunsa, ya duba rubutun da ni da shi ba wanda ya iya karantawa.

"To, mun gode. Me ka ce sunansa?"

"Baba, wannan ƙwaro ba ya cinsa," na ce. Sai na ji maganar ta yi gajarta, ba ta kai ta littafi ba, na ƙara da nawa. "Ko a gona, ko a ɗaki. Ko shekara zai yi a buhu."

Iya tana gefe tana tsinkar zogale. Ba ta ɗago ba ta ce, "Angon birni, abin da ƙwaro ya ƙi, ni ce zan ci?" Aka yi dariya, har da ni.

Daga baya na gane kunyata kawai Baba ya ji ya shuka. Ba a mayar wa mai neman aure kyautarsa. Ya ba waken nawa rabin gona, ɗaya rabin ya sa nasu na gado, wani jan wake ƙanana da Iya ta zo da shi daga gidansu tun aurenta. Wannan wake yaɗo yake kamar kabewa, ba ya nuna gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan yake bayarwa, don haka tun gero bai isa yanka ba ake samun abin jefawa a tukunya. In an gama kuma harawarsa ce ke riƙe awaki har rani ya fita. Duk shekara Iya ce ke zaɓar iri da hannunta, ta cakuɗa da toka, ta zuba a gora, ta liƙe bakin da laka.

Nawa kuwa ya yi abin mamaki. Ya tsaya cak bai yi yaɗo ba, ya zuba 'ya'ya lokaci guda, fari sol. Mutane suka riƙa tsayawa a bakin gona suna kallo. Harawa dai babu ta kirki, amma wa ke maganar harawa ana ganin buhuna? Maƙwabta suka zo roƙon iri, Baba ya ba su. Ya sayar da jan waken da aka samu a shekarar, ya ware buhu guda na farin ya jingine a ɗaki, ba toka ba komai, tun da surukinsa ɗan birni ya ce ba ya buƙata. Ni a lokacin ko ƙasa ba na takawa sosai. Na rubuta wa budurwata wasiƙa shafi huɗu, na kwatanta soyayyarmu da wake. Har yau in ta so tsokanata sai ta karanto mini layin farko.

Cikin rani aka kawo Iya likita nan Damagaram, aka yi mata aikin ido, ta zauna wajen gwaggo 'yan makonni. A tsakanin nan ne na je ƙauyen da abokaina biyu gaishe da iyaye. Budurwata ta so ta yi mana girkin da ba za mu manta ba, kuma ta san farin waken nan ba shi da ɗanɗanon nasu. Ta tambayi mahaifinta ko ta taɓa na gora. Ya ce, "Fasa mana, me za a yi da shi yanzu?"

Jama'a, ban taɓa cin shinkafa da wake irin ta ranar ba. Da man gyaɗa da yaji da 'yar albasa. Na ci, na ƙara, abokina ya siɗe kwano. Na kalle ta na ce, "Hannunki zuma ne." Ta rufe fuska da mayafi. Ban san abin da na ci ba sai bayan wata uku.

Hadari ya fara haɗuwa, aka shuka gero, lokacin wake ya zo. Baba ya kwance bakin buhu sai ƙwari suka yi sama kamar hayaƙi. Ya tura hannu ya fito da gari. Kowace ƙwaya da huda uku, huɗu. Maƙwabtan da suka karɓa, da yake maganata aka gaya musu, su ma haka suka ajiye, haka suka tarar. Iya ta ce a ɗauko mata gorarta. A nan ne budurwata ta fashe da kuka.

Ta kira ni a salula, da ƙyar na gane abin da take faɗa. Na rufe shago na ruga Zango. Mutumin yana nan a wurinsa, amma yanzu tabarau da cazar salula yake sayarwa.

"Wane wake?" ya ce. Da na tuna masa sai ya ce, "Au, wancan. Ai wanda ke kawo mini ya daina zuwa. Ni ma ban san inda yake samowa ba."

"Malam, wane iri ne ka sayar mini?"

"Mai kyau ne. Bai yi 'ya'ya ba?"

Ya yi. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan, ban ma san da me zan kama shi ba.

A kwanakin kuma rediyo ta ɗauki zancen irin da aka sauya wa halitta, wanda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke ce wa OGM. Wani ya ce shi ne zai raba manomi da feshin guba. Wani ya ce shi ne zai mayar da manomi maroƙi, duk shekara sai ya je sayen iri. A majalisarmu wani ya rantse yana hana haihuwa, ya kalle ni ya ce, "Kai da ke shirin aure." Na kwashi tsohuwar ledar na tafi biro, wato ofis, wajen malamin gona. Ya duba gaba, ya duba baya.

"Bon," ya ce, "da ido ba a ganewa. Zai iya zama shi, zai iya zama ingantaccen iri ne kawai, zai iya zama waken kasuwa aka zuba a leda mai hoto. Sai an kai labo, ɗakin gwaji."

"To yana da illa?"

"Wanne daga ciki?"

Na fito na fi shiga ruɗewa. Na tsaya a rana ina ta juya leda kamar ita za ta ba ni amsa.

Da na isa ƙauyen ban iya haɗa ido da kowa ba. Baba ya ce in bar komai, shi ya ce a fasa gora, kuma ya samo wani wake a kasuwa ya shuka don kada gona ta kwana. Iya ce ta kira ni. Yau babu "angon birni".

"Zauna, yaro. An ce kai ka fi kowa ci."

"Iya, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Wanda ya sani ba ya cin iri. Uwata ta ba ni shi a ƙullin zane ranar da aka kawo ni gidan nan. Ya ga shekarar farin da rashin ruwa ya kashe shanu, bai ƙare ba. Sai da aka rufe mini ido kwana ashirin." Ta gyara zama. "Ba a sa ranar kowa a gidan nan sai ya dawo. Moto ɗinka tana tashi?"

Haka na goya Iya a bayan moto muka shiga daji. Ta ce a tsawon rayuwarta ta ba mata da yawa irin nan, amare da masu jego da waɗanda gobara ta ci rumbunsu, dole wata ta riƙe. A littafi jarumi da masoyiyarsa ke keta sahara. Ni da tsohuwa na keta, tana dukan kafaɗata tana cewa in bi a hankali, ba ta shirya mutuwa a hannun tela ba. Ƙauye na farko matar ta rasu, 'ya'yanta ba su ma san zancen ba. Na biyu sun koma farin wake tun tuni, don shi 'yan kasuwa ke so. Na uku an shuka duka, babu ko ƙwaya a ɗaki. Moto ta mutu a cikin yashi sau biyu, Iya ta zauna a inuwar gawo tana kallona ina turawa.

A rana ta uku muka dace da wata mata da Iya ta yi wa rakiyar aure shekaru masu yawa. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan ƙoƙo, ragowar abin da ta shuka. Sai dai ta ce ta daɗe tana haɗa shi da wasu, ba ta rarrabewa. Iya ta sa aka ba ta faifai, ta zauna da idonta guda mai gani, tana tsintar jajayen ɗaya bayan ɗaya. Wani ta ciza ta jefar, wani ta shinshina. Abin da ta tara bai cika tafin hannuna ba. Ta ƙulle a bakin zaninta, ba ta ba ni riƙo ba.

A bayan ɗakinta ta shuka, ta kewaye da ƙaya. Duk Juma'a bayan masallaci sai na je in duba, kamar mai jinya. Ya fito, ya yi yaɗo, ya hau dangar. Da ya nuna ta ware na iri tukuna, ta dafa 'yan ƙwayoyi da gishiri kawai, ta kira mu. Ta jefa a baki ta daɗe tana taunawa. Na matso kusa da ita.

"Iya, shi ne?"

"Ya yi kama da shi."

"Amma shi ne?"

"Na ce maka ya yi kama. Ko shi ya canja, ko bakina ya tsufa." Ta juya wajen Baba. "A sa musu rana, kafin ya sake kawo mana wata kyautar."

An yi bikinmu bayan girbi. Yanzu 'ya'yanmu uku, don haka mutumin majalisa bai ci gaskiya ba, in ma waken nan shi ne abin da yake nufi.

Kwanan nan na ga ana ta gardama a kan wannan iri na zamani, wasu ma sun tambaye ni ɓangaren da nake. Gaskiya ban sani ba. Na ga farin waken nan ya cika buhu da idona, ba zan ce ƙarya ne ba. Kuma ƙwarin da suka cinye shi, ƙarin gishirina ne ya buɗe musu ƙofa. Amma na ga yadda shekara guda tak ta isa gida ya saki abin da ke hannunsa ya kama abin da bai san mai shi ba, ranar da ya koma nema kuma ya tarar da mai tabarau. Da sabon ya zo ya zauna kusa da tsohon, da ban da abin faɗa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muka yi saurin cewa tsohon ba shi da sauran amfani.

Iya ta rasu shekara huɗu bayan aurenmu. Jan waken yana nan, surukaina suna shuka shi, matata ce ke zaɓar iri yanzu in mun je. Kowa a gidan yana kiransa waken Iya. Ni kaɗai nake yin shiru in an faɗa, don sau da yawa na sake tambayarta kafin ta bar duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini shi ne ba.